Katakon da Ba a Gasa Ba

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Mai lemo ya zo da kansa yau, bai aiko direba ba. Tun daga nan na san ba alheri ya kawo ba. Ya tsaya a bakin shago yana kallon akwatunan da muka jera masa har rufi, ya ce, "Malam kafinta, daga ɗaya ga watan gobe ba zan iya ɗaukar waɗannan ba."

Na ce, "Me suka yi maka? Zaginka suka yi?"

Bai yi dariya ba. Ya ce doka ce. Ba ta gwamnan yankinmu ba, ba ta shugaban ƙasa ba. Ta Majalisar Ƙasashe ce, wadda ƙasarmu da maƙwabta suka haɗu suka kafa wai don kaya su riƙa ƙetare iyaka ba wahala. Duk akwatin katakon da zai ƙetare, sai an gasa katakonsa a tanderu don ƙwaro ya mutu, sannan a buga masa hatimi. In ba hatimi, a sauke lemon a bakin iyaka ya ruɓe.

Tun ina da baƙin gashi nake yi wa mutumin nan akwati. Shi ke riƙe da shagon nan, sauran duk gyaran ƙafar kujera ne. Ni da ƙanena Dogo, gida biyu, daga bakin injin zarton nan muke ci.

Da ya tafi Dogo ya ce, "Yaya, gasa katako kuma? Ci za su yi?"

Na ce, "Da gishiri ma."

Muka yi dariya. Sai muka daina.

Talata, 4 ga wata, da yamma

Na je sakatariyar yanki. Ashe muna da ofishi guda na hulɗa da Majalisar. Bene na biyu, ƙarshen baranda, akwai fanka mai kukan akuya da benci mai rawa. Wanda ya yi bencin nan ko ƙusa bai iya bugawa ba. Na wuce wani tebur ban dubi mai shi ba.

Darakta ya karɓe ni da fara'a, har da ba ni hannu biyu. Ya ce, "Daga sama ta zo, baba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku ba sama ba ne?"

Ya ce, "Mu samanku ne. Amma akwai samanmu, su ma akwai samansu."

To na gane. Gida ne mai hawa uku, ni kuma a ƙarƙashin matattakala nake kwana, duk wanda ya karkaɗe takalmi a kaina yake zuba.

Na ce tanderu irin wanda suke so, ko na sayar da shago da ni da Dogo ba zai saya ba. Sai ya gyara zama ya ce, "Ai an ji ra'ayinku bara, tun dokar tana daftari. Kun ce ba ku da ƙorafi."

Mun ce ba mu da ƙorafi. Haka ya ce da bakinsa.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Bari in rubuta yadda aka yi, don a aji huɗu na tsaya amma kaina ba a aji huɗu ya tsaya ba.

Bara aka kira ƙungiyar kafintoci taro a wani zaure mai sanyi, aka ba mu ruwan kwalba da biro. Ni ƙungiya ta sa in yi magana, saboda ni ke iya sa manya dariya. Wani yaro mai tabarau ya karanta abu mai tsawo, muka ji "katako", muka ji "ƙwaro", muka ji "nan gaba". Darakta ya ce wannan zama na farko ne.

To kowa ya san yadda kafinta ke aiki. In aka kira ka gida, ranar farko awo kake yi. Ka duba bango, ka duba ƙasa, ka ce madalla, ka tafi. Ba ka faɗin kuɗi, ba ka faɗin matsala. Sai ka je ka yi tunani, ka dawo, sannan a yi maganar gaskiya. Wanda ya fara ƙorafi ranar awo, ko bai iya aiki ba ko ba shi da kunya. Haka ubana ya yi, haka duk wanda ke zauren nan yake yi.

Sai na miƙe na yi godiya. Na ce mu da ƙwaro dama ba ma ga maciji, duk wanda zai kashe mana shi ɗan'uwa ne. Zaure ya ɗauki dariya, Darakta har da share ido. Aka ce akwai wani abu? Na ce babu komai a yanzu, sai mun dawo.

Ba a sake kiranmu ba. Abin da ya hau sama shi ne: kafintoci ba su da ƙorafi.

Mai teburin da ban duba ba jiya, 'yata ce ta fari. Lauya muke ce mata, don tun tana ƙarama ba a cin ta a musu. Ita ce sakatariyar ofishin. Ita ta rubuta bayanin taron.

Alhamis, 6 ga wata, da rana

Direban Mai lemo ya tsaya shan ruwa, ya ƙara mini ciwon kai. Wai a yankin da ke bayan kogi kafintoci ba abin da ya dame su. Gwamnatinsu ta rubuta wa Majalisa tun ana daftari, ta ce ƙananan shaguna ba za su iya ba, a yarda su haɗu a tanderu ɗaya da hatimi ɗaya. Aka yarda. Aka sa a cikin dokar cewa duk yankin da ya nema kafin a rufe, ya samu.

Ƙasa ɗaya. Tuta ɗaya. Ƙwaro ɗaya. Su nasu sun nema, namu suna ta share ido don dariya.

Dogo ya ce, "To mu kai katakonmu can a gasa mana." Direba ya ce hatimin na 'yan yankin ne kaɗai. Ashe har katako yana da asali.

Juma'a, 7 ga wata, bayan cin abinci

Lauya ta zo kamar yadda take zuwa duk Juma'a. Ba zan rubuta abin da aka ce ba.

Zan rubuta kaɗan. Na ce, "Ke da kika san ubanki, ba ki san 'sai mun dawo' ba?"

Ta ce, "Baba, na sani. Na rubuta shi ma. Amma takardar Majalisa gida biyu gare ta, akwai ƙorafi ko babu. Ba gidan 'sai mun dawo'."

Na ce, "Sai ki zana musu gida na uku mana, ba biro ne a hannunki ba?"

Ta ce, "Ni ba ni ke cika ta ba. Kuma na dube ka ranar, na ce akwai wani abu, ka kashe mini ido."

Sai na faɗi wata magana a kan kuɗin makaranta da abin da ya saya mini. Maman yara ta ajiye cokali. Lauya ta wanke hannu, ta ɗauki jakarta, ta ce mana sai da safe alhali rana ba ta faɗi ba.

Shi ke nan. Abincin ma gishiri ya yi yawa.

Lahadi, 9 ga wata, da yamma

Maman yara tana yi mini magana ta bakin kyanwa. "Matsa can, mage, wasu ba su san darajar mutane ba."

Talata, 11 ga wata, da hantsi

Gwamnati ta farka. An faɗa a rediyo: tawaga za ta tafi birnin Majalisa ta kai kukan kafintoci. Kwamishina, Darakta, da wasu da ban taɓa ganin sun riƙe guduma ba. Yanzu da an sa hannu, an buga, an ajiye, yanzu za su je gaisuwa. Su ma ashe haka suke aiki: sai doka ta fito a je a roƙa. Da gwamna abin yana ci, ka je ka durƙusa ya ce a sassauta. Ban sani ba ko Majalisa tana da wurin durƙuso.

Sun aiko a ba su akwati ɗaya su nuna a can. Dogo ya bar komai ya zauna a kansa. Ya zaɓi katako, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya jera ƙusoshi kamar haƙoran amarya. Na ce, "Dogo, akwatin lemo ne, ba gadon sarauta ba." Ya ce, "Yaya, bari su ga aiki." Da suka zo ɗauka har bakin mota ya raka shi.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na sa rai.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Kafin su dawo na ce bari in gwada bokona. Akwai tsohuwar kwantena a bayan shago. Muka jera katako a ciki, muka haɗa wuta a rabin ganga, muka rufe ƙofa. Ma'aunin zafi na Maman yara ne, wanda take sa wa jikoki a hammata.

Ma'aunin ya fashe. Katako na sama ya lanƙwashe kamar ƙahon rago, na ƙasa ya zama gawayi. Dogo ya buɗe ƙofa ya leƙa, yanzu ba shi da gira. Matarsa ta zo har shago ta ce, "Yaya, da gira na ba ka shi da safe."

Na ce, "Amma ki duba, ba ƙwaro ko ɗaya a jikinsa."

Ko da ya yi kyau ma, wa zai buga hatimin? Ni na san haka tun kafin in kunna ashana. Zama ne ba na iya yi.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Ba ta zo ba.

Litinin, 17 ga wata, da rana

Sun dawo. Rediyo ta ce an samu gagarumar nasara. Akwai hotonsu a gaban tutoci, Kwamishina ya buɗe haƙora kamar shi ya ɗinka su.

Na hau bene na biyu. Teburin Lauya wani ne a kai, ban san shi ba. Ban tambaya ba.

Darakta ya ce, "An saurare mu sosai, baba."

Na ce, "Wa ya saurare ku?"

Ya ce wata jami'a ce, mai kirki ƙwarai, ta ba su shayi. Ta ce lokacin jin ra'ayi ya wuce, amma ana sake duba kowace doka bayan wasu shekaru, a lokacin sai yankinmu ya nema.

Na ce, "Shekaru? Ranka ya daɗe, lemo ba ya jiran sati."

Ya ce in yi haƙuri. Na ce muna da ofishi a can birnin, ko ba mu da shi? Ya ce muna da shi, mutum biyu ne, suna aiko da rahoto duk wata. Na ce wa ke karantawa? Ya dubi wata kabad mai ƙura, ya dube ni, ya ce, "Ma'aikata sun yi mana kaɗan."

Da zan fito direbansa ya miƙo mini akwatin Dogo. Akwai takardar naɗe takalmi a ciki da ledar shagon turare. Kusurwa ɗaya ta fashe. Na ce, "Sun gani a can?" Ya ce, "Kai, akwatin nan ya yi amfani, baba. Kayan Oga sun yi yawa a dawowa."

Ban kai shi shago ba. Na bar shi a bayan gida, na ce wa Dogo sun riƙe shi a can don ya burge su. Allah ya yafe mini. Su kuwa Allah ya isa.

Laraba, 19 ga wata, da safe

Allah ya isa. Na rubuta shekaranjiya, na ga bai ƙoshi ba.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Taron ƙungiya. Kowa ya zo da bakinsa. Wani da ya fi kowa tafa mini bara ya ce, "An aiki mai barkwanci, ya je ya yi barkwanci." Na ce, "Kai da kake gefena, wa ya ɗinke maka baki?" Ya ce ai ranar awo ce. Na ce to?

Shugaban ƙungiya ya ce a rubuta wa gwamnatin ƙasa. An riga an rubuta. Sun ce su sun miƙa abin da yankuna suka aiko, namu ya aiko babu ƙorafi. Yanki ya ce daga sama ne. Sama ta ce daga ƙasa ne. Ni ne kaɗai a duniyar nan ba ni da wanda zan nuna da yatsa sai wadda na haifa.

Kuma ƙwaron nan, na rantse ban ƙi a kashe shi ba. An ce ya cinye gonakin wasu a ƙetare. Ban ce ƙarya ba ne. Abin da nake tambaya, me ake biyan mutumin bene na biyu ya yi, in ba ya tsaya tsakanina da abin da ban iya karantawa ba?

Juma'a, 21 ga wata, da yamma

Ba ta zo ba. Maman yara ta zuba kwano uku, ta mayar da ɗaya cikin tukunya da ƙarfi yadda zan ji.

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

Maman yara ta daina bi ta kan mage. Ta tsaya a kaina ina ɗaura takalmi.

"Ka san inda 'yarka take aiki yanzu?"

Na ce, "Gwamnati ba ta shawara da ni."

"Ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, can ƙasa, inda ba taga. Ta miƙe a taron ma'aikata ta ce an sa ranar zama na biyu da kafintoci, aka soke don ana son zauren a yi wa Kwamishina liyafa. A gaban Darakta ta faɗa. Washegari aka sauke ta."

Na ce, "Wa ya aike ta?"

"Jinin wa gare ta? Bakin nan a ina ta samo shi, a kasuwa?"

Igiyar takalmi ta tsinke a hannuna. Igiyoyin yanzu ba su da ƙwari.

Litinin, 24 ga wata, da rana

Mai lemo ya kwashi na ƙarshe. Ya ce ya yi magana da masu akwatin roba. Ya daɗe yana jujjuya makullin mota, ya ce, "Ka san ba son raina ba ne." Na ce na sani. Na ce in robar ta narke masa a hanya kada ya zo nan da kuka. Ya ce ba zai zo ba. Na ce ya zo mana.

Laraba, 26 ga wata, da yamma

Dogo ya share shago ba a sa shi ba, ya kawo mini shayi ba a sa shi ba. Na ce, "Faɗi, kafin ka wanke mini ƙafa."

Kafintocin bayan kogi aiki ya yi musu yawa, duk masu lemonmu can suka koma. Suna neman hannu, suna neman inji. Sun ce ya zo, in da hali ya zo da namu.

Na ce, "Injin Baba?"

Ya ce, "Yaya, a nan me zai yanka?"

Na ce masa maci amana. Na ce masa marar gira. Ya tsaya yana ji, kansa a ƙasa, mutum mai jikoki. Yara huɗu ne a gabansa suna makaranta, ni na sani, ni na raɗa wa biyu suna.

Da zai tafi ya ce, "Na ga akwatin a bayan gida tun ranar. Na gyara kusurwar."

Alhamis, 27 ga wata, da hantsi

Wannan ko ni ban isa in ƙirƙiro shi ba. Gwamnati ta kafa kwamitin da zai binciki halin da kafintoci suka shiga. Kwamiti yana bukatar wurin zama. An aiko mini in yi benci biyu da tebur, wai don a tallafa wa 'yan gida.

Na zagi ɗan aiken har ya ja da baya. Sannan na ce yaushe ake so.

Juma'a, 28 ga wata, da yamma

Ba ta zo ba. Ni na je.

Ana sauka da matattakala, ana wuce banɗaki. Ƙwan lantarki ɗaya, warin takarda mai laima. Tana zaune tsakanin tarin fayil da ya fi ta tsawo. Ta ɗago ta ce, "Baba, ka ɓata hanya ne?"

Na ce, "Na zo duba kantocin nan ne. An ce gara ta ci su."

Ta ce, "Na ƙarfe ne."

Na ce, "To garar zamani ce."

Ta rufe baki da fayil, amma na ga kafaɗarta tana rawa. Na zauna a kan wani kwali. Ba mu yi maganar Juma'ar da muka saɓa ba. Na ce mamarta tana zuba kwano uku tana ɓarnar abinci. Ta ce ta ji. Ta tambayi inji, na gaya mata Dogo zai tafi da shi bayan kogi. Ta ce, "Ba abin da zan iya yi daga nan, Baba." Na ce dama daga sama ma me aka yi?

Litinin, 31 ga wata, da rana

Mun kai benci da tebur. Aikin ƙarshe da injin ya yanka a shagon nan. Ban yi musu majingina ba, kuma na rage faɗinsu kaɗan. Darakta ya zauna ya ce, "Baba, wannan ai mutum ba zai iya daɗewa a kai ba."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, ya ce wallahi baba akwai ban dariya. Ban taya shi ba.

Talata, 1 ga wata, da yamma

An zo da mota tun da safe. Mutum shida suka ɗaga injin, Dogo yana ta ihu a bi a hankali da belin da ke juya zarton. Inda ya tashi, siminti ya fito fari fes, ban taɓa ganin launinsa ba tun ina yaro. Dogo ya hau baya ya rungume shi kada ya goce. Na ce ya riƙa sa masa mai duk Asabar. Ya ce, "Yaya, ni nake sa masa tun da." Gaskiyarsa.

Da hantsi motar Mai lemo ta wuce, shuɗɗan akwatunan roba har sama. Direba ya danna mini ham. Na ɗaga masa tsintsiya.

Lauya ta biyo bayan tashi aiki, ba Juma'a ba. Ta karɓi tsintsiyar, ta tattara garin katako ta cika buhu, ta ce a kai wa masu kaji. Muka ja ƙofa tare, don ni kaɗai ba na iya jan ta, dama aikin mutum biyu ne. Muka taho gida a ƙafa.

Bayan mun ci abinci Maman yara ta ce, "Gobe da ƙarfe nawa zan tashe ka?"

Suka zuba mini ido su biyu. Na buɗe baki in ba su abin dariya kamar kullum. Na laluba, ban sami ko ɗaya ba.